Waiwaye: daga ina lambar nan ta 1.7 ta samo asali?

Yawancin ɗaliban kemistiri haddacewa kawai suke yi, wai in bambancin elektironegatibiti (ƙarfin da atam ke jan elektiron da shi) tsakanin atam biyu ya wuce 1.7 ɗaurin da ya haɗa su ayonik ne, wato ɗaya ya miƙa wa ɗaya elektiron, in bai kai ba kobalent ne, wato tarayya suke yi a kansa, shi ke nan. To ai lambar nan tana da tarihi, kuma sanin tarihin ya fi haddar amfani.

Tun 1811 Berzelius ɗan ƙasar Suwidin ya fara maganar nan. A ganinsa duk wani haɗin sinadarai jan juna ne tsakanin mai cajin fosetib da mai negetib. Bayanin ya zauna daram a kan gishiri, amma da aka zo kan atam biyu na haidirojin sai ya cije, tunda iri ɗaya ne, wa zai ja wa? Sai a 1916 Gilbert Lewis a Amurka ya ce ai atam biyu na iya tarayya a kan elektiron guda biyu, a shekarar kuma Kossel a Jamus ya yi bayanin inda ake miƙa elektiron ɗin gaba ɗaya.

Wanda ya haɗa bayanan nan biyu wuri guda shi ne Linus Pauling a 1932, kuma ni dai dabararsa tana burge ni sosai. Ya lura ɗaurin haidirojin da kulorin ya fi ƙarfi fiye da matsakaicin na haidirojin da haidirojin da na kulorin da kulorin, sai ya ce wannan rarar daga rinjayen ɗaya a kan ɗaya take, kamar jan igiya, da ita ya ba sinadarai lamba, wato elektironegatibiti ɗinsu. Fulorin ne kan gaba da 3.98. Sodiyam 0.93, kulorin 3.16, bambanci 2.23, kulorin ya ƙwace elektiron ɗin kusan duka, ga gishiri. Oksijin 3.44, haidirojin 2.20, bambanci 1.24, tarayya ake amma oksijin ya fi ja, shi ya sa ruwa ke da gefe mai ɗan negetib da mai ɗan fosetib har yake narkar da gishirin.

Ita 1.7 ɗin wurin da lissafin Pauling ya nuna ɗauri ya zama kusan rabi ayonik rabi kobalent ne, ba katanga ba ce. Duba haidirojin da fulorin, bambancinsu 1.78 ne, ya haura layin, amma tarayya suke yi, kobalent ne mai karkata sosai wajen fulorin.