Dimokuraɗiyyar Atina Ba ta Kowa da Kowa Ba Ce

Sau da yawa za ka ji ana cewa Girkawan da ne suka ƙirƙiro dimokuraɗiyya, sai mutum ya ɗauka duk Girka haka ake mulki, kowa na da ta cewa. Ba haka abin yake ba.

Girka ta wancan zamani ba ƙasa ɗaya ba ce. Birane ne masu cin gashin kansu, sun haura 1,000, tsaunuka da teku sun raba su, kowanne da tsarinsa. Sparta ma sarakuna biyu gare ta a lokaci guda, da majalisar dattawa 28.

A birnin Atina ne wani ɗan siyasa mai suna Kilistenis ya kafa tsarin dimokuraɗiyya, wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). To, wa ke da baki a ciki? Namiji baligi ɗan asalin birnin kaɗai. Mata da bayi da baƙi mazauna, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, an bar su a waje, kuma wannan ba ƙaramin zalunci ba ne. A shekara ta 451 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani jagoran birnin mai suna Perikilis ya ƙara tsaurara dokar: sai wanda uwarsa da ubansa duka 'yan Atina ne.

Zaɓe ma ba shi suka fi dogara da shi ba. 'Yan majalisar birnin su 500 da masu yanke hukunci a kotu ta hanyar canki-canka ake fitar da su, domin ana ganin zaɓe na fifita masu dukiya da 'yan manyan gida. Kwamandojin yaƙi 10 da wasu 'yan muƙamai ne ake zaɓa. Batun yaƙi ko sulhu kuwa, 'yan birni ke hawa tudun Piniks da kansu, su yi muhawara, su ɗaga hannu.