Koyar da yara ƙanana kimiyya da kayan gida

Koyar da kimiyya a aikace hanya ce da ake barin yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya jiƙa shi, ya lanƙwasa, ya jefa a ruwa ya ga abin da zai faru kafin malami ya yi masa bayani. An fi yinta a nasare da aji ɗaya zuwa uku na firamare, kuma kayan aikin ba wasu na dakin gwaje-gwaje ba ne, su ƙwarya ne da cokali da leda da yashi da gwangwanin madara.

Tarihi

Masu rubutu kan ilimi sukan fara ne daga Pestalozzi, wani malami ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1827, shi ne ya dage cewa a fara nuna wa yaro abu tukuna sannan a gaya masa sunansa. Bayansa sai Froebel na Jamus wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan kindagatin a 1840, yana ba su ƙwallayen zare da 'yan gutsattsarin katako su yi ta jerawa. Sai Maria Montessori, likita ce 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko a Rum a 1907 a unguwar talakawa. Sunanta ne yau ake gani a allon makarantun kuɗi birjik a unguwannin Kaduna irin su Barnawa da Malali da Unguwar Rimi, ko da yake ba kowace ce ke bin tsarin nata ba, wasu sunan kawai suka ara.

A nan Arewa kuwa makarantar da Hans Vischer wato Ɗan Hausa ya buɗe a Kano wajen 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, amma kimiyya a firamare sai bayan 'yancin kai ta kankama. Wajen tsakiyar shekarun 1960 aka yi wani taro a Kano da ya haifar da shirin koyar da kimiyya a firamaren ƙasashen Afirka, wanda ginshiƙinsa shi ne a yi aiki da abin da ke kusa da yaro. Daga baya Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ta jagoranci wani shirin inganta firamare a jihohin Arewa da tallafin UNICEF da UNESCO, galibi a shekarun 1970. A 1976 aka fara UPE, wato shirin ilimin firamare ga kowa, yara suka cika makarantu malamai suka yi kaɗan, a shekarar ne ma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda hedikwatarta ke Rigachikun kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. UBE, shirin ilimin matakin farko ga kowa, ta zo a 1999.

Amma fa yaran Hausa sun daɗe suna wannan abu ba tare da wani ya kira shi kimiyya ba. Yaron da ya ƙera motar kara ya san ɓawon kara yana da ƙarfi, cikinsa kuma taushi gare shi ana soke shi, yarinyar da ke ginin 'yar tukunya da yumɓu ta san idan ruwa ya yi yawa ba za ta tsaya ba.

Yadda ake yi

Gwajin da aka fi yi shi ne na nutsewa. Malama za ta kawo baho da ruwa, ta jera ƙusa, dutse, ludayi, murfin kwalba da kwanon ƙarfe, sai ta ce kowa ya faɗi wanne zai nutse kafin a jefa. Yawancin yara za su ce kwanon zai nutse tunda ƙarfe ne, sai ga shi yana yawo a sama ƙusa kuma ta lume, to daga nan ne musu ke tashi, malamar kirki ba ta saurin kashe musun, sai ta ce a cika kwanon da ruwa a sake gani. Da haka suke gane cewa siffar abu ma tana da tasiri.

Na maganaɗisu ma yana burge su, kuma ba sai an saya ba, tsohuwar sifika daga kasuwar Panteka ta Kaduna ta wadatar. Zai kama ƙusa da reza da allura amma ba zai kama tukunyar alminiyam ba, wato ba kowane ƙarfe yake ja ba. Akwai na gishiri da yashi a kofi biyu, ɗaya ya narke ɗaya ya kwanta a ƙasa, akwai man gyaɗa da ke tasowa saman ruwa ko an girgiza. Da hunturu in aka goga biro a gashi sai ya ɗauki 'yan yagaggun takardu, da damina ba ya yi sosai saboda laima.

Sai randa. Ruwanta na sanyi ne saboda jikinta na da ƙananan kofofi, ruwa na tsattsafowa yana bushewa yana tafiya da zafi, robar ruwa kuwa ba ta yin haka. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Halin da ake ciki a Kaduna

Manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta sa darasin kimiyya da fasaha tun daga aji ɗaya. Matsalar ba kaya ba ce gaskiya, cunkoso ne, ajin da yara suka cika maƙil da wuya baho ɗaya ya zaga kowa, shi ya sa ake komawa rubutu a allo da "ku maimaita". A 2017 gwamnatin jihar ta ce malaman firamare sama da 21,000 sun faɗi jarrabawar gwaji aka kuma sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙi amincewa da yadda aka yi jarrabawar. Batun ko da Hausa za a koyar ko da Turanci ma har yau ana ja-in-ja a kai.

Kariya

Ba a ba 'yan nasare reza ko fasasshiyar kwalba ko ƙananan abubuwan da za su iya haɗiyewa, musamman maganaɗisu da ƙaramin batir, kuma ba a barinsu su kaɗai da bahon ruwa.