Kada a buɗe murfin lagireto alhali inji na da zafi

Direbobi da yaran mota da masu gyara a bakin titi, wannan jan hankali naku ne, musamman a lokacin bazara da injuna ke yawan ɗaukar zafi a doguwar hanya.

Ruwan da ke buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa ne a wajen digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya wuce nan komai wutar da aka hura masa, sai dai ya riƙa ƙarewa a tururi. A gari mai tudu kamar Jos tun yana digiri 96 yake tafasa, don iskar da ke danne shi ba ta kai ta ƙasa nauyi ba. Idan kuwa aka rufe shi ruf aka matse, sai ya ƙi tafasa, ya ci gaba da tara zafi yana nan a ruwansa. Aikin murfin lagireto ke nan: yana riƙe matsi har ruwan ya doshi digiri 120 bai tafasa ba. Da wannan dabarar ake kashe ƙwayoyin cuta a jikin almakashi da sauran kayan aikin asibiti, a tururi mai digiri 121 na aƙalla minti 15.

To, da zarar an murɗe murfin nan da zafinsa, matsin ya tafi. Nan take wani ɓangare na ruwan zai rikiɗe tururi, shi kuwa tururi yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga cikinsa. Shi ke feso sauran ruwan sama, daidai fuska da ƙirji da hannun wanda ya sunkuya a kai. Tsumman da ake ɗorawa a murfin ba ya tare komai, jiƙewa yake yi ya manne wa fata.

In inji ya ɗauki zafi aka tsaya, fasinja za su yi ta ƙorafi, a bar su su yi. A kashe inji, a ɗaga bonet, a ba shi aƙalla rabin awa. In babban tiyon saman lagireto yana nan da tauri, da sauran matsi a ciki. Sai ya huce a murɗa murfin kaɗan da ƙyalle mai kauri, fuska na gefe, a jira hucin ya ƙare. Uwargida mai tukunyar presha, wadda ke dafa abinci da matsin tururi, ke ma haka: kada ki cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, in wake ne rabi, kuma kada ki tilasta murfin kafin tururin ya gama fita.

In tsautsayi ya faɗa, a sa wurin ƙunar a ƙarƙashin ruwa mai sanyi da tsabta na minti 20, ko da na leda ne a yi ta zubawa. Kada a sa ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge rigar da ta manne. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri da baƙin mai duk ƙara lalata ciwon suke yi, kuma wanke su a asibiti azaba ce ga majinyaci. Kada a fasa ƙurajen da suka ɗuri ruwa. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ko ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko kuma yaro ne, a wuce asibiti a ranar.