Wai wane ne "ƙaramin ɗan kasuwa"?

Kwanan nan duk wanda ya riƙe makirufo, ɗan siyasa ko mai sharhi a rediyo, sai ya ce ƙanana da matsakaitan masana'antu su ne ginshiƙin tattalin arziki. Tun daga sunan aka fara kuskure. Masana'anta wuri ne da ake ƙera kaya ko sarrafa su. Mai aski da mai gyaran waya ba su da masana'anta, sana'a suke yi, kuma su ne suka fi yawa cikin waɗanda ake magana a kansu.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kalmar "ƙarami". Ƙarami a ma'aunin wa? A Tarayyar Turai, kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 10 ba shi ne mafi ƙanƙanta, ƙasa da 50 ƙarami, ƙasa da 250 matsakaici, muddin cinikinsa bai wuce yuro miliyan 50 a shekara ba. A Amurka kuwa, hukumar da aka kafa a 1953 don tallafa wa ƙananan kasuwanci tana kiran kamfanin ƙere-ƙere mai ma'aikata har 500 ƙarami a fannoni da dama. Ke nan kamfani mai ma'aikata 400 ƙarami ne a can, da ya tsallaka teku ya zama babba.

To ka ɗauki wannan kamfani, mai akawu da lauya da wanda aikinsa kawai cike takardu, ka ajiye shi kusa da tela mai keke ɗaya da yaro ɗaya, wanda kuɗin ciniki da na cefane duk a aljihu ɗaya suke kwana. Suna ɗaya aka ba su. Ranar da aka buɗe bashi mai sauƙin ruwa, banki zai nemi takardar rajista, lissafin shekara da abin jingina. Wa kake gani zai kawo? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hoton tela ne dai zai fito a allon talla.

Gaskiya ne Bankin Duniya ya ce irin waɗannan kasuwanci sun kai kusan kashi 90 cikin 100 na kamfanonin duniya, kuma su ke ɗauke da fiye da rabin ma'aikata. Sai dai riƙe ma'aikata daban, samar da sababbin ayyuka daban. Binciken da masana uku suka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna cewa sababbin kamfanoni ne suka fi buɗe guraben aiki, ba ƙanana don ƙanƙantarsu ba. Yawancin ƙananan ba sa girma, wasu ma masu su ba sa son su girma. Telan nan bayan shekara 20 ƙila har yanzu keke ɗaya ne, yaron ne kawai ya canza.