Mene Ne Yawon Haihuwa, Kuma Me Yake Ci wa Iyali?

Yawon haihuwa shi ne mace mai juna biyu ta bar ƙasarta da gangan, ta shiga wata ƙasa da bizar ziyara, ta haihu a can domin jaririn ya zama ɗan wannan ƙasa, sannan ta ɗauko shi su dawo gida da fasfonsa. Ba ƙaura ba ce, don uwar ba ta da niyyar zama. A bakin mutane ba a cika jin sunan ba, sai dai a ce wance ta tafi Amurka haihuwa, kowa kuma ya gane abin da ake nufi. Matar da take zaune can tana karatu ko aiki haihuwa ta same ta ba ta cikin wannan lissafi. Haka ma wadda likita ya tura Alƙahira ko Indiya saboda cikinta na da matsala. Abin da ya raba su shi ne niyya, kuma a kan niyyar ne hukumomin shige da fice suke kama mutum ko su sake shi.

Tushen abin yana cikin yadda ƙasashe ke ba da ɗan ƙasanci. Wasu suna bin jini, wato ɗa yana bin iyayensa duk inda aka haife shi. Najeriya tana cikinsu: sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan Najeriya ne muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Wasu ƙasashen kuma suna bin wurin da aka yanke cibiya. A Amurka gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1868 shi ya kafa wannan, domin bai wa bayin da aka 'yanta cikakken 'yancin zama 'yan ƙasa. A 1898 Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a shari'ar Wong Kim Ark, wanda iyayensa 'yan Sin suka haifa a San Faransisko. Kanada da Meziko da Birazil da Ajantina duk suna kan irin wannan tsari.

A nan ne mutane da yawa ke yin ɓatan kai, domin ba kowace ƙasar Turawa ce haka ba. Ingila ta daina tun ranar 1 ga Janairun 1983. Yaron da baƙuwa mai bizar ziyara ta haifa a Landan yau ba ɗan Birtaniya ba ne, takardar haihuwa kawai za a ba shi. Ostireliya ta rufe nata a 1986, Ayaland kuma jama'arta suka kaɗa ƙuri'ar rufewa a 2004. Saudiyya da Dubai ba a ma maganarsu, can uba ake bi. Duk wanda ya san 'yan'uwanmu da suka daɗe a Makka da Jidda ya san iyalan da aka haifi uba a can, aka haifi ɗa a can, amma har yau takardar zama suke sabuntawa ko kuma ba su da ita sam.

Me ke kai mutane? Ba na ganin adalci ne a ce duka taƙama ce, ko da yake akwai ta. Uba yana duban ɗansa nan da shekara 18, yana so ya shiga jami'a ba tare da yajin aiki ba, ya hau jirgi ba tare da ya yi layi a ofishin jakadanci an dawo masa da fasfo ba. Uwa kuma tana da tsoron da ya fi wannan kusa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a duk duniya a Najeriya suka rasu. Wannan tsoro na gaskiya ne. Sai dai matan da ke mutuwa yawancinsu waɗanda ba su samu motar zuwa asibitin ƙaramar hukuma ba ne, ko aka je babu jini, babu likita. Mai halin sayen tikitin birnin Hustan na Amurka tana da halin haihuwa a asibitin kuɗi mai kyau a Kano ko Abuja da ɗan kaso kaɗan na abin da za ta kashe a can. Saboda haka idan an yi wa kai gaskiya, fasfon ne ake saya.

To nawa ne kuɗinsa? Wani bincike da KFF, wata cibiyar binciken harkokin lafiya ta Amurka, ta fitar a 2022 kan matan Amurka masu inshorar wurin aiki ya gano cewa ciki da haihuwa da kulawar bayan haihuwa suna cin dala 18,865 a matsakaici. Wadda ta haihu da kanta kusan dala 14,768, wadda aka yi wa aiki dala 26,280. Idan aka lissafa dala a naira 1,500, na farkon ya haura naira miliyan 28, na aiki ya doshi miliyan 40. Su waɗancan matan kamfanin inshora ne ke ɗaukar mafi yawan kuɗin. Baƙuwa ba ta da shi, kuma inshorar tafiya da ake saya tare da tikiti a bisa al'ada ba ta ɗaukar haihuwar da aka shirya. Wasu asibitoci kan yi wa mai biya da kuɗin hannu farashi a dunƙule wanda ya gaza wancan, shi ne wanda dillalai ke tallatawa. Abin da ba sa faɗa shi ne a Amurka takardar kuɗi ba ɗaya ba ce. Asibiti da tasa, likitan mata da tasa, mai allurar kashe zafi da tasa, likitan yara da tasa, ɗakin gwaji da tasa, wasu ma sai an dawo gida suke biyo mutum.

Duk wannan idan haihuwa ta zo da sauƙi ke nan. Idan jini ya hau, ko naƙuda ta zo kafin lokaci aka haifi bakwaini, kwana ɗaya a ɗakin kula da jarirai yana iya cin dubban daloli, kuma bakwaini makonni yake yi a kwalba. Iyalin da suka yi tanadin haihuwar lafiya kawai nan take suke faɗawa bashin da ko gidansu suka sayar ba zai biya ba.

Sannan ga zama. Yawancin kamfanonin jiragen sama ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, mai tagwaye bayan mako 32, kuma daga mako 28 sukan nemi takardar likita. Dole ke nan a tafi da wuri, a jira haihuwa, a jira takardar haihuwa, a nemi fasfon jariri, a kuma nema masa fasfon Najeriya ko bizar shigowa gida. Wata biyu zuwa uku ana biyan haya da abinci da mota da dala. Akwai kuma wata asara da ba ta shiga lissafi. A wajenmu mai haihuwa, musamman ta fari, gidan iyayenta take zuwa, ko uwa ko gwaggo ta zo ta zauna da ita, a yi mata ruwan wanka, a dama kunun kanwa, a karɓi jariri ta samu barci har a yi arba'in. A can sai dai idan an samu bizar mai rakiya, wanda wani tikiti ne da wata hira a ofishin jakadanci. In ba haka ba, mace da ɗinki a cikinta ita kaɗai ce a ɗaki da jariri, suna kuma a yanka rago a gida ta gani ta waya.

Ɓangaren doka ya fi na kuɗi haɗari, don kuɗi ana iya mayarwa. Babu wata doka a Amurka da ta ce laifi ne baƙuwa ta haihu, har ma dokar 1986 ta tilasta wa asibitoci karɓar mace mai naƙuda ko tana da kuɗi ko ba ta da shi. Amma tun ranar 24 ga Janairun 2020 ƙa'idar biza ta ce idan jami'i ya ga babban dalilin tafiya shi ne a haihu don yaro ya samu fasfo, ya hana biza. Wadda ta ce magani za ta je kuwa sai ta nuna likitan da ya amince ya karɓe ta da hujjar cewa za ta iya biya. Dala 185 ta neman biza ba a mayarwa ko an hana.

Daga nan ake shiga tarko. Mace ta san idan ta faɗi gaskiya za a hana ta, sai wani dillali ya ce ta ce hutu za ta je mako biyu, ta sa abaya mai faɗi. Yin ƙarya a kan abu mai muhimmanci don samun biza ko shiga ƙasar yana jawo haramcin shiga na har abada a dokar Amurka. Biza kuma ba ita ce izinin shiga ba. Jami'in filin jirgi ne mai magana ta ƙarshe, yana iya buɗe jaka ya ga kayan jarirai da katin awo, ya duba waya, ya soke bizar ya mayar da ita a jirgi na gaba da haramcin shekara 5. Masu wannan sana'a ma ba su tsira ba: a 2019 an gurfanar da masu gidajen saukar da mata 'yan Sin a kudancin Kalifoniya bisa zambar biza, kuma koya wa matan abin da za su faɗa yana cikin tuhumar.

Tarko na biyu bashi ne. A asibiti za a iya miƙo wa mace takarda a ce ta cike, gwamnati za ta biya mata daga asusun marasa galihu. Ta sa hannu tana murna. Bayan shekara biyu ta je sabunta biza, jami'i ya tambaye ta wa ya biya kuɗin haihuwarta, ya nemi rasit. Wadda ta rantse tana da halin ɗaukar nauyin kanta sannan aka biya mata da harajin mutanen ƙasar da wuya ta sake samun biza, wani lokaci har abin ya shafi mijin. A Ingila tsarin a fili yake: asibitin gwamnati ba zai kori mai ciki ba, amma baƙuwa ana cajin ta kashi 150 cikin 100 na farashin da aka ƙayyade, kuma bashin fam 500 ko fiye da ya wuce wata biyu ba a biya ba ana kai rahotonsa ma'aikatar cikin gida, ya zama dalilin hana biza. Ga bashi, ga shi yaron bai samu ɗan ƙasanci ba.

Shekarar 2025 ta ƙara ƙuntata hanyar. Ranar da Donald Trump ya koma mulki, 20 ga Janairu, ya sa hannu a umarnin hana ɗan ƙasanci ga yaran da baƙi masu zaman wucin gadi ko marasa takarda suka haifa. Kotunan tarayya suka dakatar da umarnin, shari'a ta kai har Kotun Ƙoli. A watan Yuli aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya, ofishin jakadancin Amurka kuma ya fito fili ya gargaɗi masu niyyar zuwa haihuwa cewa za a hana su. A Disamba aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba su sabuwar bizar ziyara da ta karatu, in ban da wasu rukunoni kaɗan, Nijar kuma cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa kusan gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa Chadi da Sudan tun watan Yuni. Dillalin da har yanzu yake cewa a kawo kuɗi shi ya san hanya, kuɗin kawai yake so.

Shi kansa fasfon, ya kamata a san me ya ƙunsa. Bai ba iyaye izinin zama ko na kwana ɗaya ba. Sai yaro ya kai shekara 21 zai iya neman wa uwa da uba katin zama, kuma sai ya nuna yana zaune can yana da samun da zai riƙe su. Fasfon yaro shekara 5 yake yi a sabunta. Rangwamen kuɗin jami'ar jiha na mazauna jihar ne, ba na duk mai fasfo ba, don haka yaron da ya tashi a Kaduna farashin baƙon jiha za a fara yanka masa. Idan namiji ne, da ya kai 18 dole ya yi rajista a kundin waɗanda za a iya kira aikin soja. Amurka kuma tana bin 'yan ƙasarta da haraji duk inda suke zaune a duniya. Tsohon firaministan Birtaniya Boris Johnson, wanda aka haifa a birnin Niyok na Amurka a 1964 ya tashi a Ingila, sai da hukumar harajin Amurka ta bi shi a kan ribar gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya ajiye ɗan ƙasancin a 2016. Kuma fasfon ba ya gangarowa ga jikoki haka kawai. Idan yaron ya girma a Najeriya ya auri 'yar gida, 'ya'yan da zai haifa a nan ba za su gaji ɗan ƙasancin ba sai idan shi ya taɓa zama a Amurka shekara 5, biyu daga ciki bayan ya wuce shekara 14.