Ma'anar Sirinjin Iska Mai Ɗumi a Aikin Haƙori da Yadda Ake Ƙera Shi Don Kare Majinyaci

Duk wanda ya ji kalmar sirinji a ƙasar Hausa, allura ce za ta fara faɗo masa a rai, domin a hannun mai yin allura muka san shi. Sirinjin da ake magana a kansa a nan ba shi da allura, kuma ba a zuƙar magani da shi. Wani ɗan ƙaramin kayan aiki ne da likitan haƙori yake riƙewa kamar alƙalami, mai siririn bututu lanƙwasasshe a bakinsa, wanda idan aka danna maɓallinsa yake hura iska mai ɗumi a kan haƙorin da ake yi wa aiki. An kira shi sirinji ne saboda yana tura abin da ke cikinsa ta ƙaramar kafa da ƙarfi, kamar yadda na allura yake tura magani. Wanda ya taɓa zama a kujerar likitan haƙori ya san sautinsa ko da bai san sunansa ba, wato wannan hucin da ake ji bayan an gama huda haƙori, kafin a sa ciko.

Amfaninsa na farko shi ne busarwa. Baki wuri ne da yawu ba ya yankewa a cikinsa, alhali yawancin kayan cikon zamani, musamman farin ciko mai launin haƙori, ba sa kama jikin haƙorin da yawu ko jini ya jiƙa. Tun shekarar 1955 da wani masani ɗan Amurka, Michael Buonocore, ya nuna cewa idan aka shafa wa ɓawon haƙori asid aka wanke aka busar, ciko yana manne masa da ƙarfi, iska mai tsabta ta zama ginshiƙi a wannan aiki. Haka kuma likita ba ya ganin farkon ruɓewa da kyau a jiƙaƙƙen haƙori, sai ya busar da shi sannan wurin da ya fara lalacewa ya fito fari kamar alli. Iskar tana kore garin haƙori da injin huda ya bari, tana kuma share raɓar da numfashi yake bari a fuskar ɗan madubin da ake sa wa a baki.

Dalilin ɗumama iskar kuwa yana cikin halittar haƙorin kansa. A ƙarƙashin ɓawo mai tauri akwai wani ɓangare da ake kira dantin, wanda yake cike da ƙananan kafofi masu ruwa a ciki, dubbai masu yawa a kowace murabba'in milimita, kuma duk sun nufi ɓargon haƙori inda jijiya take. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Martin Brännström, ya bayyana a shekarun 1960 cewa motsin ruwan da ke cikin waɗannan kafofi shi ne yake tayar da jijiya har mutum ya ji zogi. Sanyi yana jawo ruwan waje da sauri, shi ya sa mai lalataccen haƙori yake zabura idan ya kurɓi ruwan randa da asubar hunturu. Iskar da aka ɗumama zuwa kusan ɗumin jiki tana rage wannan zabura, kuma tana saurin ƙafar da danshi da sinadaran da ke cikin gam ɗin ciko.

Na farkon da aka yi amfani da su a ƙarni na 19 a Turai da Amurka ba su da wata sarƙaƙiya. Ƙwallon roba ne da aka haɗa da bututun ƙarfe mai ɗan kumburi a kusa da baki, likita ya gasa wurin kumburin a harshen fitilar sifirit, sannan ya matsa robar kamar yadda ɗan maƙeri yake matsa zugazugi, iska ta ratsa ƙarfen mai zafi ta fito da ɗumi. Ba a san zafinta da wani ma'auni ba face bayan hannun likita. Daga baya aka sa waya mai ɗaukar zafi da lantarki a madadin fitila, aka kuma kawo injin matsa iska a madadin ƙwallon roba. Wanda ake gani yau a rataye a jikin kujera shi ne mai aiki uku, wato iska da ruwa da feshin da ya haɗa su biyun, kuma idan an ƙara masa abin ɗumamawa sai ayyukan su zama shida, uku masu sanyi uku masu ɗumi.

Abin da ya sa ƙirar wannan ɗan kayan aiki ta zama maganar da ba a wasa da ita shi ne halin da majinyaci yake ciki a lokacin da ake amfani da shi. Mutum mai lafiya idan wuta ta taɓa shi yakan janye jiki tun kafin ya yi tunani. Wanda ke kwance a kujerar likita kuwa an riga an yi masa allurar kashe zafi, leɓensa da kuncinsa da dasashinsa sun mutu, bakinsa a buɗe yake da kayan aiki a ciki, ba ya iya magana, kuma likitan da ke riƙe da sirinjin yana sanye da safar hannu wadda take rage masa jin ɗumi. An cire ƙararrawar da Allah ya halitta a jikin mutum ke nan. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2007, ta sake yi a 2010, game da mutanen da injinan huda haƙori masu aiki da lantarki suka ƙona wa baki, kuma abin da ya tsananta ƙunar shi ne cewa majinyatan ba su ji komai ba sai bayan ɓarnar ta auku. Wancan gargaɗi a kan injin huda aka yi shi, amma darasinsa ya hau kan duk wani abu mai zafi da za a sa a bakin da aka kashe. A ganina, duk sirinjin da tsaronsa ya dogara kacokan a kan kulawar likita, ƙirarsa ba ta kammala ba, domin likita mutum ne, yana gajiya, kuma hankalinsa yana kan ramin haƙorin da ke gabansa.

Iyakar zafin da haƙori zai jure ba ta da faɗi. A 1965 Leo Zach da Gerson Cohen sun gwada ɗora zafi a haƙoran birai, suka gano cewa ƙarin digiri 5.5 kacal a cikin ɓargon haƙori ya kashe ɓargon a kashi 15 cikin 100 na haƙoran, ƙarin kusan digiri 11 kuma ya kashe kashi 60 cikin 100. Tun da jikin mutum yana kan digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, wannan yana nufin hatsari yana farawa daga wajen digiri 42 zuwa 43 a cikin ɓargon. An yi ta muhawara daga baya a kan ko haƙorin mutum ya fi na biri juriya, amma masu ƙera kaya har yau suna kiyaye wannan adadi, kuma gara a kiyaye shi. Game da ƙunar fata, binciken Moritz da Henriques na 1947 ya nuna cewa digiri 44 yana buƙatar sa'o'i kusan 6 kafin ya ƙona, amma daga nan zuwa digiri 51 duk ƙarin digiri ɗaya yana rage lokacin da kusan rabi, har a digiri 60 ya koma 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka ƙa'idar duniya ta kayan asibiti masu lantarki, IEC 60601-1, ta ce sashen da zai daɗe minti 10 ko fiye yana taɓa jikin majinyaci kada ya wuce digiri 43, kuma idan zai wuce 41 dole kamfani ya bayyana haka a takardar umarni. Wannan ne ya sa na zaɓi in ce iska mai ɗumi, ko da yake tsohon sunan da aka gada yana cewa mai zafi.

Daga waɗannan alƙaluma ne ƙira take tashi. Abin ɗumamawa yana aiki da ƙaramar wuta, galibi bolt 24 da ke fitowa daga taransifoma, don kada wutar gida ta kusanci jiƙaƙƙen baki. Ana haɗa shi da tafiyar iska ta yadda ba zai kama ba sai iska tana gudana, domin wayar da ta yi zafi babu iskar da ke ratsa ta za ta tara zafin ne, ta kuma amayar da shi gaba ɗaya a hurawar farko. Ana sa masa na'urar da ke auna ɗumi tana yanke wuta idan ya kai iyaka, sannan a bayanta a sa fiyus ɗin da zafi ke narkarwa, wanda ba ya dawowa da kansa. Hikimar yin biyun ita ce kada lalacewar abu guda ta isa ta cutar da mutum. Maɓallin yana da sifirin da ke mayar da shi da zarar an ɗaga yatsa. Hannun sirinjin da gindin bututunsa, inda yakan jingina a kusurwar leɓe, ana rufe su da abin da ba ya ɗaukar zafi, tun da yake ƙarfe yana iya ƙona leɓe ko da iskar da ke fitowa daga bakinsa ba ta wuce kima ba.

Ƙarfin iskar shi ma hatsari ne mai zaman kansa, kuma wataƙila ya fi zafin muni. Idan aka hura iska mai matsi a cikin ramin da aka cire haƙori, ko cikin saiwar haƙorin da aka buɗe, ko ƙarƙashin dasashin da ya saki, tana iya kutsawa cikin nama ta bazu, fuska da wuya su kumbura nan take, idan an taɓa wurin a ji yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata. Wani lokaci takan gangara har cikin ƙirji. An san wannan tun 1900, lokacin da wani likita mai suna Turnbull ya ba da labarin mai busa bigila da fuskarsa ta kumbura saboda ya yi busa jim kaɗan bayan an cire masa haƙori. Mafi tsanani shi ne iska ta shiga jijiyar jini. A 1990 an wallafa rahoton mutum uku da suka rasu a Kanada ta wannan hanya yayin dasa musu haƙori, bayan gaurayen iska da ruwa ya shiga ƙashin muƙamuƙi. Don haka ake sa bawul mai kayyade matsi kafin iska ta iso sirinji, ake kuma yin maɓallin da ke sakin iska a hankali gwargwadon dannawa. Saiwar haƙori kuwa da ƙananan tsinkayen takarda ake tsane ta. Doguwar hurawa a kan dantin ma tana busar da shi fiye da kima ta jawo ciwo bayan aiki, shi ya sa ake koyar da ɗalibai su hura kaɗan-kaɗan.

Bututun bakin dole ya kulle sosai, domin wanda ya fizge da ƙarfin iska zai iya faɗawa maƙogwaron mutumin da ke kwance rigingine.

Sai maganar tsabta, inda ɗumin da ake nema don jin daɗin majinyaci yake komawa matsala. Bututu yana shiga baki, yawu da jini suna taɓa shi, kuma kafofinsa sun yi ƙanƙanta da a wanke cikinsu a gani da ido. Saboda haka ko dai a yi shi da ƙarfen da zai jure tukunyar tururi mai matsi, wadda ke kai digiri 121 ko 134, a dafa shi bayan kowane mutum, ko kuma a yi shi da roba a jefar bayan amfani ɗaya. Ana sa bawul mai hana ruwa komawa baya don kada sirinji ya zuƙi yawun wani ya fesa wa na bayansa. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2003, ta ce a saki iska da ruwa na daƙiƙa 20 zuwa 30 bayan kowane majinyaci. Ruwa mai ɗumi da ke kwance a siraran tiyo shi ne mazaunin da ƙwayoyin cuta irin su lijiyonela suka fi so, kuma a 2011 wata tsohuwa mai shekara 82 ta rasu a Italiya da ciwon huhun da aka gano asalinsa a ruwan kujerar likitan haƙori. Ƙirar da ta fi hankali ita ce wadda ke ɗumama iska ko ruwa a cikin hannun sirinjin a daidai lokacin fita, maimakon tanki mai ɗumi da ruwa zai kwana a ciki. Iskar kanta sai ta fito daga injin da ba ya amfani da mai, ta bi ta matata da abin tsane danshi, domin ɗigon mai ɗaya a kan haƙori ya isa ya hana ciko kamawa.

A asibitocinmu, inda kujeru da dama na hannu ne da aka shigo da su daga waje, inda wuta take hawa da sauka tsakanin ta gwamnati da ta janareta, kuma ƙurar hunturu take toshe matata cikin ɗan lokaci, wurin da aka fi samun ɓaraka shi ne gyara. Idan fiyus ɗin zafi ya narke aka rasa irinsa a kasuwa, mai gyara yakan haɗa wajen da waya don aiki ya ci gaba, sirinji ya dawo yana hura ɗumi kamar da, ba tare da likita ya san an cire masa kariyarsa ta ƙarshe ba. Idan ba a samu fiyus na ainihi ba, abin da ya dace shi ne a cire wutar abin ɗumamawar gaba ɗaya a yi aiki da iska mai sanyi, majinyaci ya ɗan ji zogi na daƙiƙa biyu, har zuwa ranar da kayan gyaran za su iso a gwada ɗumin bakin bututun da ma'aunin zafi kafin a mayar da shi bakin mutum.