Mece ce Gubar Dagwalon Masana'antu?

Dagwalon masana'antu shi ne ruwan da kamfani ya gama aiki da shi ya sako waje: ruwan rini daga masaƙa, ruwan wankin injuna, asid ɗin masu narka tsofaffin batura, ragowar fenti da sinadarin shafe ƙarfe. In aka ce ruwan kogi ya ɗauki guba, ana nufin abin da dagwalon ya zuba masa ya kai adadin da zai cutar da mutum ko dabba ko kifi. Awo ne ke tabbatar da hakan, ba kullum ido ke iya rabewa ba.

A Legas maganar tana bakin ƙofarmu. Akwai rukunan masana'antu a Ikeja da Ilupeju da Isolo da Apapa da Ikorodu, kuma kwatocinsu duk ruwa ɗaya suke nufa. Rafin Odo Iya Alaro yana kwaso na wajen Ikeja, ya ratsa ta Maryland da Ojota, ya juye a babban tafkin Legas. Dagwalon masana'antun Agbara, a jihar Ogun, yana gangarawa tafkin Ologe.

Ɓarnar iri biyu ce. Ta farko kowa yana gane ta: ruwa ya yi baƙi, ya yi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kifi ya taso sama ciki a waje. Dattin da ke ruɓewa ne ke cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Kifi yana son kimanin miligiram 5 na oksijin a kowace lita (miligiram 1,000 ne giram ɗaya); da ta sauka ƙasa da 2, yawancinsu mutuwa suke yi.

Ta biyun ita ce abar tsoro, wato ƙarafa masu nauyi: dalma, zaiba, kadmiyom da kuromiyom. Waɗannan ba sa ruɓewa, kuma ruwan da ke ɗauke da su yana iya zama garau, babu wari babu ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a miligiram 0.01 a lita, kadmiyom 0.003, kuromiyom 0.05. A duba ƙanƙantar wannan: giram ɗaya tak na dalma ya isa ya kai lita 100,000 bakin iyaka, jarka 4,000 ke nan mai cin lita 25.

Ƙarfen ba ya tafiya da ruwa ya wuce. Yana maƙalewa a laka ya kwanta a ƙasan rafi shekara da shekaru. Tsutsa da jatan lande su ci lakar, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami. Zaiba ce ta fi yin wannan hawa, domin a kowane mataki ƙara taruwa take yi a tsokar kifi. Haka aka yi a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar gubar zaiba a 1956: iyalan masunta suka riƙa karkarwa, gani da ji suna raguwa, ana haifar yara da nakasar ƙwaƙwalwa. Kadmiyom kuma ta saiwa yake shiga ganye, ya je ya taru a ƙoda, ya raunana ƙashi. Don haka mai lambun da ke ban ruwan alayyafo da latas daga kwatar da ta biyo ta bayan kamfani, wanke ganyen ba zai fitar da abin da ya riga ya shige ciki ba.

Dalma kuwa mun san aikinta. A Zamfara a 2010 ta kashe yara aƙalla 400, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Jikin yaro ya fi na babba saurin tsotsar ta nesa ba kusa ba, tana daƙile ƙwaƙwalwa da girma, tana kuma ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi.

Kuskuren da ya fi yawa a gidaje shi ne dogaro da tafasawa. Tafasa tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, amma ƙarfe yana nan daram a tukunya. Ruwan ne ma ke raguwa, gubar ta ƙara kauri. Kulorin ma ba ya cire ƙarfen. Alif yana kwantar da laka tare da wani kaso na ƙarfen da ya manne mata, wanda ya narke kuwa ya rage. Ruwan da aka tabbatar yana da ƙarfe, a daina sha da girki da shi kawai.

Gyaran gaskiya a cikin kamfani yake, kafin ruwan ya fito. Ana tara dagwalon a tanki, a zuba farar ƙasa har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya kai wajen 9 don ƙarafan su dunƙule, a sa alif su kwanta, a tace, sannan a hura iska a wani tankin domin ƙwayoyin halitta su cinye sauran dattin. Inda ake samun matsala shi ne injin hura iska yana cin wuta da man dizal, sai a kashe shi, ko a buɗe bututu da dare ko lokacin ruwan sama. Wasu kuma su kwashe lakar da ta kwanta, wadda ita ce matattarar gubar, su jibge a fili, damina ta mayar da ita rafi. Hukumomin kare muhalli, wato LASEPA ta jihar Legas da NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007, su ke da hurumin kama masu yin haka, kuma ya kamata shugabannin unguwa da na kasuwa su riƙa kai musu ƙara a rubuce.

'Yan garuwa da masu rijiya a kusa da irin waɗannan rafuka, ƙasar Legas rairayi ce kuma ruwanta a kusa yake, don haka dagwalo yana iya tsiyaya cikin rijiya marar zurfi. A sami gorar roba mai tsabta, a ɗauraye ta sau uku da ruwan da za a auna, a cika, a rubuta wuri da kwanan wata, a kai ɗakin gwaji a ranar cikin sanyi. A faɗa musu ƙarara cewa gwajin ƙarafa ake so, domin gwajin ƙwayoyin cuta daban ne. A auna da rani, a sake aunawa bayan ambaliyar Yuni da Yuli.